Inganta Horon Bazara na Ɗalibai Masu Taimakon Bincike a Sashen Gaggawa na Asibiti: Nazari a Kan Tsarin Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin horon sanin makamar bincike da asibitocin koyarwa na Amurka kan shirya wa ɗaliban jami'a a sashen ba da agajin gaggawa a lokacin dogon hutun bazara. Ta bi diddigin asalin shirin, ta auna shi da ra'o'in koyo da ƙa'idojin ɗa'ar bincike, sannan ta fito da fannoni shida da ke buƙatar gyara. Matsayar maƙalar ita ce, ingancin bayanan da ɗalibi ke tattarawa da ingancin ilimin da yake samu ba sa rabuwa, domin haka duk shirin da ya ɗauki ɗalibi a matsayin ɗan aike kawai zai yi asarar ɗalibin, ya kuma gurɓata binciken.

1.0 Gabatarwa

Sashen gaggawa shi ne ƙofar asibiti da ba a rufewa dare da rana, kuma a Amurka ya zama mahaɗar kowane irin mutum tun bayan dokar EMTALA ta shekarar 1986, wadda ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin inshorar gwamnati ta Medicare su duba duk wanda ya zo da larurar gaggawa, su kuma daidaita lafiyarsa, ko yana da abin biya ko ba shi da shi. Ƙididdigar cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta nuna cewa an ziyarci sassan gaggawa kimanin sau miliyan 140 a shekarar 2021. Wannan yawa da wannan gauraya su ne suka mayar da sashen fage mai albarka ga mai bincike, sai dai likita da ma'aikatan jinya da ke bakin aiki ba su da sararin da za su zauna su yi wa majinyaci bayanin wani nazari, balle su cika masa takardar tambayoyi.

Daga wannan giɓi ne shirin ɗalibai masu taimakon bincike ya samo asali. Abin da ake nufi da mai taimakon bincike a nan shi ne ɗalibin da bai riga ya zama likita ba, wanda ake horarwa ya gano majinyatan da suka dace da wani nazari, ya nemi yardarsu, ya tattara bayanai, ba tare da ya sa hannu a jinya ba. Horon bazara kuwa shi ne nau'in shirin da ake cusawa cikin hutun watannin Yuni zuwa Agusta, wanda yawanci ba ya wuce mako takwas zuwa goma. Manufar maƙalar ita ce ta fayyace inda wannan gajeren horo ke samun tangarɗa, ta kuma nuna yadda za a gyara shi ta hanyar da majinyaci da ɗalibi da binciken kansa za su amfana.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Likitancin gaggawa sabon fanni ne idan aka kwatanta shi da tiyata ko likitancin yara. An kafa ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka a 1968, an buɗe horon ƙwarewa na farko a Jami'ar Cincinnati a 1970, sannan aka amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta a 1979. Fannin da ya zo a makare haka dole ya nemi hanyar gina hujjojinsa na kimiyya da ƙarancin kuɗi da ƙarancin ma'aikata, kuma rahoton da Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta fitar a 2006 game da cunkoson sassan gaggawa ya nuna cewa bincike a wannan fanni bai samu tallafin da ya kamace shi ba.

A 1997 Hollander da Valentine da Brogan suka bayyana yadda aka haɗa karatun ɗaliban jami'a da tattara bayanan bincike a sashen gaggawa na Stony Brook da ke jihar New York, kuma a shekarar ne Cobaugh da Spillane da Schneider suka bayyana tsarin masu shigar da majinyata cikin nazari a Rochester. A 2002 Hollander da Singer suka sake gabatar da tsarin a matsayin dabarar gudanar da bincike mai sauƙin kuɗi. Waɗannan ayyuka sun tabbatar da cewa ɗalibin da aka horar yana iya ɗauke wa likita nauyin neman mahalarta nazari, sai dai sun fi mayar da hankali ga yawan waɗanda aka shigar da yawan takardun da aka wallafa.

A wani ɓangaren, Gilbert da abokan aikinsa sun yi nazari a 1996 kan binciken da ake yi ta hanyar tsamo bayanai daga fayilolin majinyata, suka gano cewa akasarin irin waɗannan ayyuka ba sa bayyana yadda aka horar da masu tsamo bayanan ko yadda aka sa musu ido. Suka jera ƙa'idoji takwas, daga cikinsu akwai horar da mai tsamowa, da fayyace ma'anar kowane abin da ake aunawa, da amfani da fom guda ɗaya, da ɓoye wa mai tsamowa hasashen binciken, da gwada daidaiton masu tsamowa biyu. Abin lura shi ne, rukunin farko na marubuta ya dubi ɗalibi ta fuskar amfaninsa, rukuni na biyu ya dubi bayanai ta fuskar sahihancinsu, kuma wannan maƙala tana neman ta ɗinke ɓangarorin biyu.

3.0 Hanyar Nazari da Ra'in Bincike

An gudanar da nazarin ta hanyar bitar rubuce-rubucen masana da dokoki da ƙa'idojin ɗa'a, aka bi rayuwar horon daki-daki tun daga zaɓen ɗalibai har zuwa rufewa, ana tambaya a kowane mataki: me ɗalibi ya koya, kuma me ya faru da bayanai? Misalan da aka kawo na kwatance ne da lissafi, domin a ga yadda matsala ke aukuwa a aikace.

An ɗora nazarin a kan ra'in Lave da Wenger na 1991, wanda ke cewa sabon shiga yana koyon sana'a ne ta hanyar halastacciyar shiga daga gefe, wato a ba shi ƙaramin aiki na gaske wanda ma'abota sana'ar ke ɗauka da muhimmanci, yana yi yana matsowa tsakiya. Bahaushe ya san wannan tsari a maƙera da majema, inda yaro kan fara da zuga ko ɗebo ruwa kafin a miƙa masa guduma ko wuƙa. An kuma yi amfani da matakai huɗu na auna horo da Kirkpatrick ya gabatar a 1959, waɗanda su ne gamsuwar mai koyo, da abin da ya koya, da sauyin aikinsa, da sakamakon da ma'aikata ta samu.

4.0 Nazari

4.1 Shiri Kafin Isowar Ɗalibai

Babban abin da ya bambanta horon bazara da na tsawon shekara shi ne ƙarancin lokaci. Kafin ɗalibi ya tsaya a gaban majinyaci, sai ya gabatar da shaidar rigakafi da gwajin tarin fuka, ya kammala darasin ɗa'ar bincike kamar na shirin CITI da aka fara a 2000, ya koyi ƙa'idojin sirrin majinyaci na dokar HIPAA ta 1996, a ba shi katin shaida da izinin shiga kundin kwamfuta, sannan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da ƙara sunansa cikin ma'aikatan nazarin. Idan aka bar waɗannan sai ranar farko, kuma suka ci mako uku cikin goma, to kashi 30 cikin ɗari na horon ya tafi a zaman jira. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya dace shi ne a kammala zaɓen ɗalibai tun watan Maris, a gama takardu a Afrilu da Mayu, ta yadda makon farko zai zama na gwaji da rakiya.

Akwai kuma wani abin da kalandar asibiti ke haifarwa. A Amurka sababbin likitoci masu neman ƙwarewa kan kama aiki ne a farkon watan Yuli, wato a tsakiyar horon, kuma su ma baƙi ne a sashen. Shugaban shirin da ya san da haka zai nemi gurbi a taron maraba da su domin ya gabatar da ɗaliban da nazarce-nazarcen da ke gudana, kuma tun kafin nan ya nemi goyon bayan shugabar ma'aikatan jinya, domin ma'aikatan jinya ne ke fara ganin majinyaci a teburin tantancewa, inda ake raba masu zuwa gida biyar bisa tsananin larurarsu.

4.2 Neman Yarda a Cikin Hali na Gaggawa

Yarda bisa sani na nufin mutum ya amince ya shiga nazari bayan ya fahimci manufarsa da haɗarinsa da amfaninsa, ya kuma san cewa yana da ikon ƙi ko janyewa. Ƙa'idar ta samo tushe daga Kundin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964, kuma a Amurka abin kunyar nazarin Tuskegee, wanda ya gudana daga 1932 zuwa 1972, shi ya haifar da dokar bincike ta 1974 da Rahoton Belmont na 1979 mai ginshiƙai uku: mutunta ɗan Adam, da kyautatawa, da adalci. Mai karatu Bahaushe ya san nauyin wannan batu daga taƙaddamar da ta biyo bayan gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wadda jigonta shi ne yadda aka nemi izinin iyaye a cikin hali na firgici.

A ɗauka cewa an kawo dattijo mai ciwon ƙirji da ƙarfe biyu na dare, an kwantar da shi a gadon da labule kawai ya raba shi da maƙwabcinsa, an manna masa wayoyin auna bugun zuciya, matarsa na tsaye riƙe da takalmansa. Ɗalibin da ya tunkare shi da takarda mai shafi shida yana sanye da katin asibiti, kuma a idon dattijon duk mai kati likita ne, saboda haka zai iya sa hannu don tsoron kada a jinkirta masa magani. Horon da ya dace shi ne wanda ke koya wa ɗalibi ya fara tambayar likita ko ma'aikaciyar jinya ko majinyacin yana cikin hayyacinsa, ya zauna daidai da fuskarsa, ya sassauta murya, ya bayyana a jimlar farko cewa shi ɗalibi ne, kuma ƙin shiga ba zai taɓa jinyar ba. Bayan bayani sai ya roƙi majinyacin ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, domin gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. Wannan fasaha ba ta samuwa daga darasin kwamfuta, tana buƙatar wasan kwaikwayo da rakiyar gwani, kuma bai kamata ɗalibi ya nemi yarda shi kaɗai ba sai an gani da ido an sa hannu cewa ya iya.

Wajibi ne kuma a fayyace iyaka. Ƙa'idar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kafa a 1996, wadda ta ba da damar shigar da majinyacin da ke bakin mutuwa cikin wasu nazarce-nazarce ba tare da yardarsa ta nan take ba, tana da sharuɗɗa masu tsauri da suka haɗa da tuntuɓar al'umma tun da farko, kuma hukunci a kanta na babban mai bincike ne. Haka nan ginshiƙin adalci yana hana a tsallake wanda ba ya jin Ingilishi don kawai neman tafinta na cin lokaci.

4.3 Jadawalin Aiki da Karkatar Samfuri

Samfuri shi ne rukunin mutanen da aka nazarta a madadin jama'a baki ɗaya, karkatar samfuri kuwa ita ce bambancin da ke shiga tsakanin waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka bari ta yadda sakamako zai kauce wa gaskiya. Mako guda sa'o'i 168 ne. Idan ɗalibai suna aiki daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyar na yamma, Litinin zuwa Juma'a, sa'o'i 45 kawai suka rufe, wato kimanin kashi 27 cikin ɗari. Majinyatan dare da na ƙarshen mako sukan bambanta da na hantsi ta fuskar nau'in rauni da shan barasa da irin aikin da suke yi, saboda haka nazarin da ya rasa su ya rasa wani yanki na al'umma.

Gyaran yana da fuska biyu. Ta farko ita ce a rarraba zangon aiki ya ratsa yamma da dare da Asabar da Lahadi, ana haɗa ɗalibai biyu-biyu, da mai kula da za a iya kira a kowane lokaci. Ta biyu ita ce rajistar tantancewa, wato kundin da ake rubuta duk majinyacin da ya dace da nazarin, ko an shigar da shi ko ba a shigar ba, tare da dalili: ya ƙi, an sallame shi kafin a iso gare shi, an wuce da shi ɗakin tiyata, ko ba a samu tafinta ba. Idan aka karanta wannan rajista tare da ɗalibai a ƙarshen kowane mako, sukan ga da idonsu yadda kauce wa majinyaci mai fushi ko mai maye ke karkatar da sakamako, kuma darasin nan ya fi lacca shiga zuciya. Yana da kyau a nuna musu cewa manyan ƙa'idojin fannin, kamar ƙa'idar Ottawa ta hoton idon sawu ta 1992, da nazarin NEXUS na 2000 mai majinyata 34,069 a asibitoci 21, da nazarin PECARN na 2009 kan raunin kai a yara fiye da 42,000, duk sun dogara ne ga irin wannan cika fom na yau da gobe.

4.4 Sahihancin Bayanai

Kalma ɗaya na iya ɗaukar ma'ana uku a hannun ɗalibai uku. Idan fom ya tambayi ko majinyaci yana shan taba, wani zai ƙirga wanda ya daina bara, wani ba zai ƙirga ba. Maganin wannan shi ne ƙamusun bayanai, wato littafin da ke fayyace kowane abin aunawa da inda za a same shi da abin da za a rubuta idan fayil ya yi shiru ko ya saɓa wa kansa. Manhajar REDCap, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Vanderbilt a 2004, tana ba da damar kafa iyakoki ta yadda ba za ta karɓi adadin da ba zai yiwu ba, amma ba ta iya gane kuskuren fahimta. Don haka ake ware wani kaso na fayiloli mutum biyu su cika kowa shi kaɗai, a auna daidaitonsu da ma'aunin kappa da Cohen ya gabatar a 1960, wanda ke cire daidaiton da sa'a kawai ke iya kawowa. A rabon Landis da Koch na 1977, daga 0.61 zuwa 0.80 daidaito ne mai ƙarfi, abin da ya haura haka kuwa ya kusa cika. A gajeren horo, a mako na biyu ya kamata a yi wannan gwaji, lokacin da gyara ke da amfani.

A nan akwai wani saɓani da ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙa'idar Gilbert ta ce a ɓoye wa mai tsamo bayanai hasashen binciken, manufar koyarwa kuwa tana son ɗalibi ya fahimci abin da yake yi. Ana warware wannan ta hanyar musanya: kowane ɗalibi ya san tambayar nazarinsa ciki da waje, amma abokinsa ne zai tsamo masa bayanai, shi ma ya tsamo wa wani. Ta haka an kiyaye ƙa'idar, kuma ɗalibin ya koyi dalilinta ta hanyar aikata ta.

4.5 Jagoranci da Mallakar Tambaya

Bisa ra'in Lave da Wenger, ɗalibin da ya kwashe mako goma yana cika fom bai matso daga gefe ba. Ya kamata kowane ɗalibi ko ƙaramin rukuni ya mallaki tambaya guda ƙarama wadda za a iya amsawa daga bayanan da aka riga aka samu izinin amfani da su, kamar bambancin yawan masu ƙin shiga nazari tsakanin rana da dare. Malami jagora ya riƙa zama da su ko da rabin sa'a a kowane mako, a kuma riƙa karanta takardar bincike guda tare ana warware hanyoyinta, sannan a rufe horon da gabatarwa a gaban likitocin sashen.

Batun sanya suna a takardar da za a wallafa yana buƙatar a yi shi a fili tun ranar farko. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya kafa sharuɗɗa huɗu: gudummawa mai tsoka a tsara aikin ko tattara bayanai ko fassara su, da hannu a rubutu ko gyaransa, da amincewa da kwafin ƙarshe, da ɗaukar alhakin aikin. Tattara bayanai kaɗai bai cika sharuɗɗan ba, saboda haka adalci shi ne a buɗe wa mai sha'awa hanyar ci gaba da rubutu bayan hutu, sauran kuma a ambace su a sashen godiya.

4.6 Walwalar Ɗalibi, Daidaiton Dama da Auna Shirin

Mai yiwuwa a wannan sashe ne ɗalibi ɗan shekara ashirin zai fara ganin gawa, ko ya ji kukan uwar da aka yi wa rasuwa. Shirin da ya san nauyin da ya ɗauka zai tanadi zaman tattaunawa bayan irin wannan lamari, ya ba ɗalibi damar fita ya huta ba tare da an ɗauke shi rago ba, ya kuma koya masa inda zai tsaya idan majinyaci ya fusata. Haka kuma horon da ba a biya yana tace ɗalibai ta aljihu, domin wanda ke dogara da aikin hutu don haɗa kuɗin makaranta ba zai iya ba da mako goma kyauta ba. Alawus, ko da kaɗan ne, yana jawo ɗalibai masu jin harsunan majinyata, kuma wannan yana komawa kai tsaye ga ingancin samfuri.

Game da aunawa, takardar jin ra'ayi ta ranar rufewa mataki na farko kawai take taɓawa a tsarin Kirkpatrick. A mataki na biyu a yi jarrabawa iri ɗaya a farko da ƙarshe, a na uku a dubi yadda ɗalibi ke neman yarda a mako na biyu da na takwas, a na huɗu kuma a dubi kason waɗanda suka dace da aka tunkara, da yawan guraben da aka bari a fom, da darajar kappa, da koke-koken majinyata.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kowane gyara da aka ambata yana aiki ta ɓangarori biyu a lokaci guda. Rajistar tantancewa tana kare samfuri tana kuma koyar da ma'anar karkata, gwajin kappa yana tsabtace bayanai yana kuma koyar da awo, rakiya wajen neman yarda tana kare majinyaci tana kuma gina ɗabi'ar likitan gobe, alawus yana kawo adalci ga ɗalibai yana kuma faɗaɗa waɗanda nazarin ke iya kaiwa gare su. Saboda haka maƙalar tana ba da shawarar a daina auna nasarar horon da yawan waɗanda aka shigar kawai, a riƙa haɗawa da adadin waɗanda aka rasa da dalilin rasa su, da abin da ɗalibi ya iya a mako na goma wanda bai iya ba a mako na farko. Asibitin da ba zai iya aiwatar da gyare-gyaren duka a shekara guda ba, ya fara da biyu waɗanda ba sa cin kuɗi: kammala takardun ɗalibai kafin watan Yuni, da buɗe rajistar tantancewa tun ranar da ɗalibi na farko ya shiga sashen.